Talatin da Ukun da Na Rage wa Kaka

Ranar wata Laraba ce cikin watan Rajab, a shekarar da na shiga aji uku, na fara ganin kakana a mace. Na dawo daga makaranta bayan azahar, ko rigar makaranta ban cire ba Umma ta miƙo mini faranti da butar shayi da ɗan kofin tagullar da Kaka Tanko ba ya shan komai sai a cikinsa, ta ce in kai masa, ita za ta leƙa barka a maƙwabta. A unguwar Ranuna muke a lokacin, a Madina can wajen Ƙuba, katangarmu ta baya jingine da wata gonar dabino, ɗakin Kaka kuwa shi ne na ƙarshe, dab da turken awaki. Na yi sallama ba a amsa ba, na ture labule da kafaɗa. Yana kwance rigingine a kan tabarma, hannuwa a miƙe, ido rabi a buɗe, ƙuda yana yawo a leɓensa bai kore shi ba. Na ce, "Maigida, ga amarya ta kawo shayi," don kuwa haka muke wasanmu na jika da kaka. Shiru. Na durƙusa na taɓa ƙafarsa, na ji ta da sanyi kamar gindin randa. Farantin ya suɓuce mini, kofin ya daki buta ya yi ƙara, ya gangara har jikin bango. Na kasa ihu, na kasa gudu, shayi yana bin tabarma yana jiƙa mini safa. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba, sai na ga ƙirjinsa ya ɗaga, ya ja numfashi da gurnani irin na mai fitowa daga ruwa. Ya juyo da ido kaina ya ce, "Amarya, haka ake yi wa miji ɓarnar shayi?" Sannan ya kama wuyan hannuna da yatsunsa masu sanyi ya ce abin da na gani kada ubana ya ji.

Duk abin da muka sani game da Kaka a gidan nan shi ne mai tsire ne. Shekara da shekaru yana da tukuba a unguwar Anbariyya, Larabawa suna layi a gabansa suna cewa a ba su siriyya, sunan da suke kiran tsire da shi, har ƙarfinsa ya ƙare ya dawo gida ya zauna. Abba, babban ɗansa, a Madina aka haife shi, magatakarda ne a wani ofishi, mutum mai farar riga da ba ta san datti ba, wanda ko da Hausa ka yi masa magana a waje da Larabci zai amsa maka. Akwai ƙanensa Baffa Sale mai motar ɗaukar kaya, sai yayarsu Goggo Hajara da mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. A cikinsu ba wanda ke zancen rayuwar Kaka kafin ya iso Madina. In muka tambaya sai a ce da ƙafa ya zo aikin hajji kamar kowa, a aike mu sayen burodi. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a rufe mini tukunya in haƙura, sai na ga abin da ke ciki.

A hankali na tatsi labarin, da la'asar, ina zaune a ƙofar ɗakinsa ina tsince dabino mai tsutsa daga mai kyau don a ba awaki, ko ina daka masa yajin ƙuli da har ya mutu bai yarda wani ya haɗa masa ba. Ya ce daga ƙasar Damagaram iyayensa suka taso da shi yana yaro, suka yada zango a Sudan suna tsinkar auduga don neman guzuri, damina ɗaya ta kwashe su duka biyun. Ya rage shi kaɗai a bakin kogi tare da yaran masunta, a nan ya koyi nutso, har ya zamana in ya shiga ruwa sai an fid da rai da shi kafin ya ɓullo. Wani Bamisre mai ƙungiyar 'yan wasa ya gan shi, ya ba shi riga da abinci, ya tafi da shi Alƙahira. Nan ya fara ganin dandamali da labule da fitilu, da mutane a jere kan kujeru sun biya don su kalli wasu mutane. A ƙungiyar akwai mai waƙa, da 'yan alkafura, da mai haɗiye takobi, da wani mai biri da ke sa wa birinsa jar hula. Bayan mai biri ake kiran Kaka. Sai a naɗa masa jan rawani a ce ga ɗan sarki daga ƙasar baƙar fata, "ni da ko akuya ubana bai bar mini ba," in ji shi. Wasansa kuwa shi ne mutuwa.

Akwati ake kawowa mai murfin gilashi, ya shiga ya kwanta, ya janye numfashinsa kaɗan-kaɗan har ya ɓace. Mai ƙungiya ya yi shela ko akwai likita a cikin jama'a, ya hau ya duba. Likita ya taɓa jijiyar hannu bai ji komai ba, ya kara madubi a hanci bai ga tururi ba, ya juya ya gaya wa jama'a mutumin nan ya mutu. Kaka bai ɓoye mini ba, rabin abin dabara ce: lemun tsami yake matsewa a hammata, jijiyar hannu ta yi shiru. Sauran rabin kuwa ya ce shi ma bai san sunansa ba. Jiki yakan yi nauyi ya ƙi bin umarni, amma kunne yana nan a buɗe, yana jin tarin na kujerar gaba da kukan jariri a can baya. A rufe akwatin, mai waƙa ta yi waƙa biyu a kansa, sannan a zo tayar da shi. Haka suka yi ta yawo shekara goma sha wani abu, Alƙahira da Iskandariya da garuruwan bakin teku. Ya taɓa nuna mini wata takarda da ta yi ja don tsufa, a ƙasan akwatinsa na ƙarfe, an zana wani baƙin mutum mai jajayen leɓɓa kwance cikin gilashi. Ko kusa bai yi kama da shi ba. Ya ce mai zanen bai taɓa ganinsa ba, an dai gaya masa launi.

Mai tayar da shi ita ce Sakina, Bahaushiya haihuwar Sudan, mai ɗinka wa 'yan wasan kaya, wadda ta zama matarsa ta fari. Takan danna babban yatsa a bayan kunnensa na hagu, ta buga kofin tagulla da cokali sau uku, ta sunkuya ta kira shi yadda uwarsa ke kiransa, "Tanko na Delu, tashi ka ci tuwo." Jama'a ba su jin Hausa, sun ɗauka wani tsafi ne mai girma. Daga nan mai ganga ya yi ta bugu har ya motsa. Sai wata rana a Bur Sa'id zazzaɓi ya kwantar da Sakina a masauki, mai ƙungiya ya ce ba za a fasa ba, ya ba wani mutum kofin. Wancan ya buga, amma bai san kunnen ba, bai san sunan ba. Mai ganga ya yi har hannunsa ya gaji. Jama'a suka yi tafi, suka yi shiru, suka watse. Kaka ya ce yana ji aka kira likita na biyu, yana ji ana gardamar inda za a binne baƙo, ya kwana ya wayi gari yana ji, har ya ji ana zuba ruwa a bokiti. A kan katakon wanka Sakina ta same shi, ta zo tana dafa bango. Ta tayar da shi jikinsa jiƙe sharkaf, ita kuma zazzaɓin nan bai bar ta ta ga wani mako ba. Ya binne ta, ya sa kofin a aljihu, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda, bai sake taka dandamali ba.

Ya ce ya ɗauka ya baro abin a can, ashe sabo turken wawa ne. Da tsufa ya kama shi sai jikin ya koma yin wasan da kansa, ba labule ba jama'a. Ga shi kuma a Madina muke, inda ba a jinkirta gawa. Ka cika da hantsi, azahar tana yi an sallace ka a Harami, kafin shayin gidanku ya huce kana maƙabartar Baƙi'a. Kowa addu'ar da yake yi ke nan, shi ma ita ta kawo shi. "Ina son Baƙi'a, amarya," in ji shi, "amma ba na so in shiga da kunnena a buɗe." Ya taɓa gwada yi wa Abba zancen, Abba ya ce don Allah a bar tone-tone, in maƙwabta suka ji za su ce gidan masu sihiri ne. Ni ya zaɓa saboda wai muryata siririya ce mai shiga kunne irin ta Sakina. Ya koya mini wurin dannawa, da yadda ake riƙe kofin a gindi don kada yatsa ya kashe ƙararsa. A madadin ganga ya ba ni carbinsa mai ƙwaya casa'in da tara, ya ce bayan kira in ja salati zagaye uku ba gaggawa. "In kin ja uku cif ban motsa ba, ki ce musu su ɗauka."

Shekarata tara aka ɗora mini wannan, kuma ba zan yi ƙarya ba, da farko daɗi na ji, ina ganin duk gidan ba mai sirri irin nawa. Daɗin bai daɗe ba. Sau uku na tayar da shi a cikin shekara guda, duk da rana tsaka, Umma tana kicin, tattabarun Baffa Sale suna ta guɗa a kan soro. A karo na farko ban gama zagaye ɗaya ba ya yi atishawa ya tashi yana tsokanata. A na biyu sai da na kai tsakiyar zagaye na biyu. A na uku, ranar da ake sassabe gonar bayanmu hayaƙi yana shigowa ta taga, na gama biyu na shiga na uku, na ja ƙwaya goma, gumi yana zuba a bayana, sannan yatsan ƙafarsa ya motsa. Ranar bai yi mini wasan amarya ba. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, ya ce hanyar dawowa tana ƙara nisa.

Daga nan na daina zama yarinya kamar sauran. A filin makaranta ƙawayena suna carafke a inuwar bango, suna tsallen igiya, suna musayar burodi da cuku, ni kunnena yana wajen titi, duk motar da ta wuce da sauri sai in ji kamar ta Baffa Sale ce. In Umma ta kai mu Harami aka idar da salla aka yi kiran sallar gawa, sai in riƙa leƙen makarar da ake wucewa da ita ina tunanin ko na ciki yana jinmu. Ana tashi daga makaranta nake sheƙawa gida, jaka tana dukan bayana, sai na ji tarinsa daga zaure sannan in tuna ina jin yunwa. Kuma ni da kaina na ɓata al'amarin. Wata rana don burga na kwanta a filin makaranta na matse lemun tsami a hammata na ce a taɓa hannuna. Wata 'yar ajinmu ta taɓa ta kurma ihu, malama ta zo da gudu, kafin la'asar takarda ta isa hannun Abba.

Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Kaka ya cire takalmi, ya yi magana ƙasa-ƙasa da ladabi, amma duk gidan an ji. "Baba, wannan aibu ne. Shekara nawa muna rufe abin nan, yanzu a bakin yarinya za a ji shi? Halas, ya isa." Ya ɗauki kofin tagullar ya fita da shi, aka kawo wa Kaka na gilashi. Da yamma na kai wa Kaka shayi ya ƙi kallona, ya ce kawai in riƙe carbin da kyau. Na yi kuka a bayan turken awaki har Goggo Hajara ta zo ta same ni, ta tambaye ni, na zazzage mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta share mini hanci da bakin mayafinta ta ce in je in wanke fuska.

Bayan wata biyu, ranar wata Litinin, na dawo daga makaranta na tarar da takalman maza birjik a ƙofar gida. Ban ji tari daga zaure ba, sai warin kafur da ganyen magarya. Da hantsi Umma ta same shi, likita ya zo ya duba ya ba da takarda, an yi masa wanka an sa shi a likkafani, la'asar ake jira a Harami. Mata suka ja ni cikin ɗaki suna ba ni haƙuri, ina ta faɗa musu ba a gama ba, likita ba ya ganewa, ai likitoci sun sha cewa ya mutu. Suka ce kaɗuwa ce, aka ba ni ruwa. Ina ji Baffa Sale ya matso da mota bakin ƙofa, ina ji maza sun miƙe. Sai Goggo Hajara ta buɗe ƙullin zanenta ta fito da kofin tagullar, ashe tun ranar ta ɗauke shi daga inda Abba ya ɓoye. Ta kama hannuna ta ratsa da ni tsakiyar maza, abin da ban taɓa ganin mace ta yi ba a gidanmu. Abba ya ce, "Yaya, a gaban mutane?" Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ubanmu ne, kuma ya bar wasiyya a hannun yarinyar nan. Ku ba ta wuri."

Aka ba ni wuri. Abba da kansa ya kwance ƙullin kai ya buɗe fuskar. An cusa auduga a hancin Kaka, an ɗaure haɓarsa da ƙyalle. Na laluba bayan kunnen hagu na danna, na buga kofin sau uku, na sunkuya na ce, "Tanko na Delu, tashi ka ci tuwo." Wani tsoho a cikin maƙwabta, mutumin Zinder, ya fashe da kuka da jin haka. Na fara jan carbi. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan akuya a waje da ƙarar makullan mota a hannun Baffa Sale. Na gama zagaye na ɗaya. Na gama na biyu. Na shiga na uku na wuce ƙwaya goman nan da ya tashi a kanta wancan karon, idona a kan likkafanin wajen yatsun ƙafa. A nan wani abu ya shige ni da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: tsoro ya kama ni kada ya tashi. Na dubi farin ƙyallen da audugar, na ji in wannan abin ya ja numfashi ya juyo da ido kaina ba zan iya ɗauka ba. Yatsana ya kai shaida ta biyu ta carbin, saura talatin da uku. Abba ya sunkuyo ya ce a hankali, da Hausa, "Kin gama, uwata?" Ba wanda ya matsa mini, da na ce saura da sun jira. Na ɗaga kai na ce, "Na gama. Ku ɗauka."

Suka ɗauka. Na tsaya a zaure da kofin a hannu ina kallon motar har ta sha kwana, mata ba sa bin gawa. Da daddare Abba ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, na sauke nauyin da su suka kasa. Wannan albarkar ta fi mini duka ciwo.

Yau gonar dabinon nan ta zama benaye, gidanmu titi ya bi ta kansa, ni kuma ina unguwar Halidiyya da jikokina da nake yi wa Hausa suna amsa mini da Larabci. Yanzu a asibiti ake cikawa, na'ura ce ke faɗa, ba a tambayar 'yar shekara goma. Maƙwabciyata likita ce, mutuniyar Kano, na taɓa ba ta labarin a dunƙule kamar na wata, ta ce, "Hajiya, wanda ya sanƙare aka wanke shi tun hantsi ai ya riga ya tafi, ko zagaye ɗari za a ja." Na yarda da ita, hankalina ya yarda. Sai dai ita ba ta ga yatsan nan ya motsa a ƙwaya ta goma ba, kuma ba ta san ya taɓa kwana ya wayi gari yana jin ana zuba ruwa a bokiti ba. Kofin yana nan a cikin kabad, jikokina sun ɗauka na turare ne. Duk ranar da na yi la'asar a Harami nakan zagaya ta jikin katangar Baƙi'a in tsaya a waje inda mata ke tsayawa. Kaburburan ba suna, ban san wanne ne nasa ba, sai in fuskanci tsakiya in fito da carbin daga jaka, in kama daga shaida ta biyu in ja talatin da uku a hankali, ba gaggawa, kamar yadda ya koya mini. In na kai ƙarshe nakan ɗan jira kafin in tafi.